Kafin ka kafa akurki a bayan gida

Masu shirin kiwon kaji nan Diggi da kewayen Kalgo, kafin ku sayi 'yan tsaki ku fara gamawa da duba-gari. Kaji ashirin ko talatin ba kasafai ake neman takarda a kansu ba. Amma ranar da wari da ƙudaje suka ishi maƙwabta, ƙaramar hukuma za su kai ƙara, kuma ana iya cewa ku tashi akurkin bayan kun kashe kuɗin kwano da waya. Ku je sashen lafiya tun farko, ku faɗa musu inda za ku kafa. Ya yi nesa da rijiya da madafa, kashin kuma a riƙa kwashewa zuwa gona, dama taki ne.

Sai fakat, mai share kaji da hunturu. Rigakafin Lasota, wanda cibiyar Vom ke yi, a ruwan sha ake ba su. Kazar kasuwa kuwa a ware ta sati biyu kafin a haɗa.

In suka fara zubewa da yawa cikin kwana biyu, don Allah kada a yanka a sayar. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Kaduna a 2006, tana kama mutum. A kira likitan dabbobi nan take.