Lens Ɗin Kwalliya: A Yi Hattara Kafin Ya Ci Ido

Wani sabon ado ya shiga kwalliyar amare a Kano da Sakkwato. Ɗan faifan roba ne mai taushi. Ana ɗora shi a kan baƙin ido, sai ido ya koma ruwan zuma ko ruwan toka. Masu kwalliya na ce masa lens. Abin da ya shiga waya kuwa ba ya jiran hanya ta gyaru. Hoton da aka sa a TikTok da safe, kafin azahar an gan shi a Isa da Sabon Birni da Tozai, nan yankinmu na gabashin Sakkwato. Yau gani ne, gobe a yi sautu.

Lens ba guba ba ne. Mutane da yawa a duniya da shi suke gani, bayan likita ya gwada idonsu ya zaɓa musu daidai da shi. Wanda aka saya ta WhatsApp kuwa, wa ya gwada?

Taushinsa shi ne yaudararsa. Fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Daga iska take samun abin da take rayuwa da shi, ta cikin hawaye. Lens yana rage mata wannan iskar. A rufe ido a yi barci da shi, ta ƙara shaƙewa. Hukumar CDC ta Amurka ta ce mai kwana da lens haɗarin kamuwarsa da cutar ido ya ninka sau 6 zuwa 8. Amaryar da aka yi wa kwalliya tun hantsi, aka kai ta ɗaki da dare a gajiye, wa zai tuna mata ta cire?

Kowane lens da wa'adinsa. Akwai na yini ɗaya, akwai na mako biyu, akwai na wata. Lissafin yana farawa ne ranar da aka ɓare kwalin, ko sau ɗaya aka sa. Da lens mai suna Acuvue ya fito a Amurka a 1987, hikimarsa ke nan: a yar da lens tun datti bai taru ba. Mu kuwa mutane ne masu tattali. Abin da aka saya da tsada ba a yar da shi yana da kyan gani. Sai a adana na biki don Sallah. Maiƙon hawaye ya riga ya manne masa, ƙwayoyin cuta sun samu gida, ido ba ya ganinsu. Wannan tattalin asara ce.

Sai ruwa. Nan ya fi ba ni tsoro. Kada ruwa ya taɓa lens: na rijiya, na randa, na gulbi, na burtsatse, har fiya wata. Ruwan da ya dace da ciki bai dace da lens ba. Akwai wata ƙwayar halitta, Acanthamoeba, da ke zaune a ruwa da ƙasa. In ta shiga tsakanin lens da ido, ciwonta mai tsanani ne, maganinta na ɗaukar watanni, kuma sau da yawa gani ba ya komawa yadda yake. Mai lens da ke alwala sau biyar a yini ta kula da abin da ke shiga idonta. A cire shi kafin wanka. Miyau ma ba abin wanke shi ba ne. Ko ruwan wankinsa na kamfani ba a tara sabo a kan tsoho. A 2006 an janye ruwan wankin lens mai suna ReNu with MoistureLoc daga kasuwannin duniya, bayan cutar naman gwari ta kama idanun masu amfani da shi a Singafo da Hong Kong da Amurka. Na masana'anta ke nan. Ina ga wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna?

Aro ma haɗari ne. Hajiya mai kwalliya, lens ba ɗankwali ba ne da za a kwance daga kan wannan a ɗaura wa waccan. Abin da ya shiga ido ɗaya ya gama aikinsa. Yankinmu ya sha fama da amodari, afolo kuma kan zaga gida-gida. Yatsa ɗaya da bai ga sabulu ba ya isa.

Ga hunturu da ƙura, ga hayaƙin murhu, ga kwalli. Ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin lens ta isa ta kankare ido. Ta wannan ƙujewar cuta ke shiga.

In ta shiga, ba ta jira. Ƙwayar Pseudomonas na iya cinye baƙin ido cikin kwana biyu. Abin da take bari shi ne hakiya, kuma tabarau ba ya gyara hakiya. Dashen fatar da ta rufe baƙin ido a Najeriya aiki ne mai wuyar samu, mai tsada. Mutumin Tozai ya lissafa tazararsa da likitan ido: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kowa ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato ke ciki. Ba a kama su da dare don ido ya yi ja.

Saboda nisan, akan nufi kemis. Malam mai kemis, ka tambaya ko lens aka sa. Maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin su dexamethasone, yana kwantar da jan ido, cutar kuma tana ci gaba da ci a ƙarƙashi. Inna, kada a ɗiga nono. Kada a ɗiga ruwan sukari ko jiƙon ganye.

Ido ya yi ja, ko yana zafi, ko yana gudun haske, ko gani ya dushe, ko kwantsa ta yi yawa, ko ɗigon fari ya fito a baƙinsa: a cire lens nan take, kada a mayar. A nufi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni a ranar, a nemi takardar zuwa wurin likitan ido. A tafi da lens ɗin da gidansa da ruwan wankinsa, domin a cikinsu ake iya gano ƙwayar da ta kama idon.