Ka Ƙara Wa Sabarka Wuri Amma Tana Nan A Cike? Ga Dalili

Idan kana cikin matasan da suka fara haɗa shafin intanet, na sayar da kaya ko na labaran gari, akwai ranar da sabar da kake haya za ta cika maƙil. Hotuna su daina hawa, shafi ya ƙi buɗewa, masu saye su tsere. Sai ka biya dala a kamfani irin Amazon, ka ɗaga ma'ajiyar daga gigabait 20 zuwa 40, ka duba ka ga tana nan a 20. Kwantar da hankalinka, ba damfararka aka yi ba.

Ɗan Minjibir zai fi kowa saurin gane wannan. Daga Kunya har Wasai gonaki manne suke da juna, gamba ko lalle ke nuna iyaka. In ka sayi gonar maƙwabcinka, fili ya zama naka, amma sai ka matsar da iyaka, ka yi huɗa, kafin ka shuka. Haka saba take: kuɗinka fili kawai ya saya.

A sabar Linux, fara da rubuta lsblk ka ga girman faifan gaba ɗaya, sannan df -h ka ga wanda ake amfani da shi. In sun bambanta, umarnin growpart ne zai matsar da iyakar kason. Saura huɗa, wato faɗaɗa tsarin fayil: resize2fs idan ext4 ne, xfs_growfs idan XFS ne. Wasu sabobin kan yi wannan da kansu da zarar an sake kunna su.

Amma fa kafin ka taɓa komai, ka ɗauki kwafin faifan ka adana. Kuskuren lambar kaso ɗaya na iya cinye aikin shekara. Ka kuma sani, a Amazon faifan da ka ƙara ba ya raguwa, kuma duk wata sai ka biya kuɗinsa da ake lissafawa da dala, ga yadda naira ta koma tun 2023.

Don haka fara da shara. Umarnin du zai nuna maka abin da ya cinye wurin, sau da yawa tsofaffin bayanan aiki ne da hotunan da ba a matse ba. In ka share wuri bai samu ba, sai ka taɓa aljihu.