Ɗalibin Ilimin Kasuwanci a Ƙetare da Matsalar Harshe: Misali daga Ƙasar Galma

Masu tsara ilimi sun saba auna karatun ƙetare da ma'aunin kuɗi: nawa ne kuɗin makaranta, wa zai biya, shin takardar shaida za ta karɓu idan an komo gida. A wannan maƙala muna so mu duba al'amarin ta fuskar harshe. Mun zaɓi Galma Kudawace, da ke cikin gundumar Madawa a jahar Tawa, domin ita da maƙwabtanta na Buza da Keita ƙasa ce ta manoma da ƴan kasuwa, kuma albasar da ake nomawa a fadamun yankin tana kaiwa har Gana da Kwaddibuwa. Idan akwai wurin da ilimin tafiyar da kasuwanci zai yi amfani, to nan ne.

Bari mu fara da hanyar da ɗan Galma zai bi. Da Hausa ya tashi, da ita ya ga ana ciniki. A mafi yawan makarantu da Faransanci zai yi karatu har ya sami bakalauriya. Daga nan sai digirin farko na shekara 3, watau lisansi, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a Jami'ar Tawa da aka kafa a 2010. Bayan wannan ne maganar digiri na biyu ke tasowa, kuma a nan hanyoyi ke rabuwa. Akwai makarantar CESAG ta Dakar, wadda aka kafa a 1985, daga baya ta koma ƙarƙashin babban bankin BCEAO. Akwai makarantun Maroko da Tunisiya. Akwai jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, waɗanda suka fi Dakar kusa da Madawa nesa ba kusa ba, sai dai da Ingilishi suke koyarwa. Hanyar Faransa kuwa ta ƙuntata: a 2019 gwamnatin ƙasar ta ƙayyade wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 3,770 a shekara don digiri na biyu a jami'o'in gwamnati, watau kusan sefa miliyan 2 da rabi, ban da ci da sha da makwanci, sa'an nan ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a Janairun 2024.

Digirin da ake kira MBA yana da tasa al'ada. A Amurka ya samo asali, Jami'ar Harvard ta fara bayar da shi a 1908, kuma har a Faransa makarantar INSEAD da aka kafa a 1957 da Ingilishi take koyar da shi. Manyan makarantu kan nemi ɗalibi ya yi aiki na ƴan shekaru tukuna, ya kuma ci jarrabawar GMAT, wadda ita ma da Ingilishi ake yi. Abin lura shi ne yadda ake koyarwa. Ana ba ɗalibai labarin wani kamfani da matsalar da ya shiga, su karanta, washegari su yi muhawara a gaban malami, kuma wani kaso na makin ɗalibi yana fitowa daga abin da ya faɗa da bakinsa. To, ɗan Galma da harshensa na uku zai shiga wannan muhawara. Har wa yau an rene shi a inda katse babba ko ja da maganarsa abin kunya ne, ga shi an kawo shi inda shiru ke rage maki. Masu ba da tallafin karatu ba safai suke lissafa wannan ba.

Amma a ganinmu babbar matsalar tana jiran sa ne a ranar da ya komo. Mutanen da zai yi aiki da su, manoman albasa da shugabannin ƙungiyoyinsu da dillalai da matan da ke adashi, da Hausa suke lissafi. Wasu na cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni. Wannan magana ba ta da tushe. Harshen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana fatauci daga Kano zuwa Gwanja ba zai rasa kalmomin ciniki ba: jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, la'ada, jingina, lamuni, sari, kiri, tayi, sallamawa. Wahalar ita ce iyakokin ma'anar waɗannan kalmomi ba su faɗa daidai kan iyakokin kalmomin littafi ba.

Mu ɗauki riba. Manomin da ya sayar da buhunan albasarsa ya cire kuɗin iri da taki da mai da ƙwadago, abin da ya rage shi yake kira riba. Mai ilimin lissafin kuɗi zai ce da sauran aiki, domin injin ban-ruwa yana tsufa, kuma wajibi ne kowace shekara a cire wani kaso na kuɗinsa, don ranar da ya mutu a sami abin sayen wani. Wannan shi ne abin da Faransanci ke kira amortissement. Manomi ya san injin na tsufa, ba sai an gaya masa ba. Abin da babu shi ne suna guda da kowa ya yarda da shi, wanda za a rubuta a kan layi cikin littafin ƙungiya. Muna ganin "kuɗin tsufan kaya" zai iya ɗaukar wannan nauyi, muddin an gwada shi a bakin manoma kafin a buga shi. Haka kuma albasar da aka ajiye cikin rudu ana jiran farashi ya tashi: wadda ta ruɓe da wadda ta ƙanƙance duk hasara ce da ke cin ribar jiran, kuma tana bukatar nata layi.

Akwai wani tarko cikin kalmar ita kanta. Riba ta ciniki, wadda halal ce, da riba da shari'a ta haramta, kalmomi biyu ne daga tushe biyu na Larabci. A baki tsawon wasali da karin sauti suna raba su, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda zai rubuta wa ƙungiyar manoma takardar bayanin bashin banki, in bai yi hattara ba, sai ya kori mutanen da yake son jawowa. Shi ya sa ya fi kyau a tsaya ga "kuɗin ruwa" a duk inda ake nufin abin da banki ke ɗorawa a kan bashi.

Sai kuma ƙidaya, wadda a nan ne aka fi yin ɓarna. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ya ce dala ashirin, a takarda 100 za a rubuta. In ya ce dala ɗari, 500. Jika ɗaya kuma 1,000 ce, watau dala ɗari biyu. Ke nan sakataren ƙungiya da ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci yana ninkawa da biyar duk lokacin da ya ɗauki alƙalami, yana rabawa da biyar duk lokacin da ya karanta wa taro. Wanda ya komo daga ƙetare zai ƙara nasa ruɗanin, domin inda Faransanci ke sa waƙafi a cikin lamba, Ingilishi aya yake sawa, kuma abin da Hausar Nijar ke kira miliyar shi Hausar Nijeriya ke kira biliyan. Tsarin lissafin ma ba ɗaya ba ne. Nijar tana cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, da tsarinta na lissafin kamfanoni da dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 2010, saboda haka wanda ya yi karatu a Zariya ko Ingila sai ya sake koyon wasu abubuwa da Faransanci kafin ya mayar da su Hausa.

Ba yau aka fara share fagen wannan aiki ba. Taron Bamako na 1966 ya duba rubutun Hausa tare da na wasu harsunan Afirka ta Yamma, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutu ta hukuma. A Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Matsayi a takarda ba ya haifar da kalmomi. Sai an zauna kasuwar Madawa da ta Buza an naɗi maganar dillalai yadda take, da karin harshensu na yamma, kafin a ƙirƙiri ko da kalma ɗaya a ofis.

A nan hukumar ANAB mai kula da tallafin karatu za ta iya taimakawa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Duk wanda ƙasa ta ɗauki nauyinsa don digiri na biyu a wannan fanni, ana iya sharɗanta masa ya kawo taƙaitaccen bayanin kundinsa da ɗaya daga harsunan ƙasa, tare da jerin kalmomin da suka gagare shi fassarawa. Jerin nan shi ne ya fi mana amfani, domin yana nuna ainihin inda giɓin yake. Su kuma masu tsara littattafan yaƙi da jahilci akwai shawarar da ke jiran su tun yanzu: ko littafin kuɗi na ƙungiya zai zo da layi biyu, ɗaya na dala ɗaya na sefa, ko kuwa za a koya wa sakatare rubuta sefa kaɗai, ya riƙe dala a ka. Na farko yana cin takarda da lokaci, amma kowane ɗan ƙungiya da ya iya lamba zai iya duba abin da aka rubuta da sunansa.