Mata Baƙar Fata a Ƙofar Kamfanonin Buga Littattafai

Duk wanda ya ɗauki littafi a kanti, sunan marubuci yake gani a bango. Amma kafin littafin ya iso kanti, akwai wani wanda ba a rubuta sunansa ba, wanda ya zauna a ofis ya karanta rubutun, sa'an nan ya ce a buga ko kada a buga. Shi ake kira edita. A Amurka da Ingila, inda manyan kamfanonin buga littattafan Turanci suke, kujerar nan ta daɗe a hannun Turawa. Abin da muke so mu duba a wannan mako shi ne yadda hakan ya shafi mata baƙar fata masu rubutu, da kuma abin da suka yi a kai.

Bari mu fara da wata yarinya da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka sayar a birnin Boston a shekarar 1761, tana da kamar shekara bakwai. Iyayen gijinta suka sa mata suna Phillis, sunan jirgin ruwan da ya kawo ta, suka haɗa mata da sunan gidansu, Wheatley. Ta koyi Turanci, ta karanta Littafi Mai Tsarki, aka yi mata baftisma, ta soma rubuta waƙoƙi. A shekarar 1770 ta yi waƙar makoki ga babban mai wa'azin nan George Whitefield, sunanta ya bazu. Duk da haka, da aka zo maganar buga waƙoƙinta a littafi, ba a sami isassun masu sa kuɗi a Boston ba, mutane da yawa ma ba su yarda baiwa baƙar fata za ta iya irin wannan rubutu ba. Sai da manyan gari goma sha takwas, har da gwamna da fastoci, suka sa hannu a takarda cewa lalle ita ta rubuta. Da wannan takarda aka buga littafin a Landan a 1773, da goyon bayan wata attajira Kirista, Selina Hastings. Ba da daɗewa ba aka 'yanta Phillis. Ta nemi buga littafi na biyu, ba ta sami masu tsaya mata ba, ta rasu cikin talauci a 1784. Abin lura a nan shi ne, basira tana nan tun farko. Abin da ya ɗaga ta, ya kuma kayar da ita, shi ne samun mai buɗe ƙofa da rashinsa.

Wani zai ce ai wannan zamanin bauta ne, ya wuce. To, mu matso kusa.

A shekarar 1967 Toni Morrison ta koma ofishin kamfanin Random House da ke New York, inda ta zama mace baƙar fata ta farko da ta riƙe matsayin babbar edita a sashen littattafan ƙirƙira. Yawancinmu mun san ta ne da kyautar Nobel da ta ci a 1993, amma aikin da ta yi a kan teburin edita bai gaza nata rubutun ba. Ita ce ta tsaya wa Toni Cade Bambara da Gayl Jones, ta fito da tarihin rayuwar Angela Davis da na ɗan damben nan Muhammad Ali. Tana wannan aiki da rana, tana renon 'ya'ya biyu ita kaɗai, tana tashi da asuba ta rubuta nata littattafan. Ta bar aikin a 1983.

Ga inda maganar take da nauyi. A shekarar 2020 jaridar New York Times ta buga wani bincike a kan dubban littattafan ƙirƙira da manyan kamfanoni suka fitar daga 1950 zuwa 2018, aka tarar kashi 95 cikin ɗari Turawa ne suka rubuta su. Masu binciken suka duba Random House musamman. Cikin littattafai 512 na kamfanin da suka ƙidaya daga 1984 zuwa 1990, wato bayan tafiyar Morrison, biyu kacal ne na baƙar fata, ɗaya daga cikin biyun kuwa nata ne. Marubuta baƙar fata ba su daina rubutu a 1984 ba. Mace ɗaya ce ta tashi daga kujera, ƙofa ta koma yadda take.

Ba mu ce editocin da suka rage mugaye ba ne. Yawancin lokaci abin bai kai ga ƙiyayya ba. Edita yakan zaɓi labarin da ya yi kama da rayuwar da ya sani, ya kuma tambayi kansa ko mutanen da ya sani za su saya. In bai taɓa zama da irin mutanen da ke cikin labarin ba, sai ya ce babu kasuwa. Kamfanin Lee & Low, mai buga littattafan yara a Amurka, ya ƙidaya ma'aikatan wannan sana'a a 2015 ya sami kashi 79 cikin ɗari farar fata ne, a 2019 kuma kashi 76, baƙar fata kuwa wajen biyar cikin ɗari. Abin mamaki, mafi yawan ma'aikatan mata ne. Ashe kasancewar mata a ofis bai isa ba, sai an tambaya waɗanne mata.

Waɗansu ba su tsaya jiran a buɗe musu ba. A 1980 Barbara Smith da abokanta, bisa shawarar mawaƙiya Audre Lorde, suka kafa nasu ɗan kamfanin a Amurka, suka sa masa suna Kitchen Table, wato teburin ɗakin girki, wurin da mata ke zama su yi aiki su yi hira. Sun buga rubutun mata baƙar fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da na Asiya, da na ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar.

A Ingila kuwa, 'yar Gana ce ta yi wannan aiki. An haifi Margaret Busby a Accra a 1944, kuma a 1967, tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta haɗa hannu da Clive Allison suka kafa kamfanin Allison & Busby. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta zama mai buga littattafai a ƙasar. A nan ne 'yar ƙasarmu Buchi Emecheta ta sami gida. Emecheta ta ba da labari da bakinta cewa mijinta ya ƙone rubutun littafinta na farko. Ta rabu da shi, ta riƙe 'ya'ya biyar a Landan, ta sake rubuta littafin daga farko, Allison & Busby suka buga shi a 1976. A 1992 Busby ta tattara rubutun mata 'yan asalin Afirka fiye da ɗari biyu a kundi guda mai suna Daughters of Africa, ta sake yin wani irinsa a 2019. Matan da ke cikin na biyun sun yafe ladansu, aka buɗe gurbin karatu a jami'ar Landan domin ɗaliba 'yar Afirka. A wannan shekara ta 2019 ne kuma Bernardine Evaristo, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Booker, shekara hamsin bayan kafa kyautar, kuma ko ita raba mata aka yi da wata.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin shekaru da yawa marubucin Nijeriya da ke son duniya ta karanta shi sai ya bi ta Landan. Kamfanin Heinemann ya buga Efuru na Flora Nwapa a 1966, amma daga baya, a shekarun 1970, ta kafa nata kamfanin, Tana Press, a Inugu. Zaynab Alkali, daga ƙasar Borno, ta bi ta kamfanin Longman a 1984. Matan Kano masu rubuta littattafan Hausa tun daga shekarun 1980 ba su ma nemi kowa ba: su biya maɗaba'a da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa. Da aka zo fassara littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, zuwa Turanci, ba Landan ba ce ta ɗauka, ba kuma New York ba. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Chennai na ƙasar Indiya, mai suna Blaft, ya buga shi a 2012.

Sai kuma Bibi Bakare-Yusuf, wadda ta kafa kamfanin Cassava Republic a Abuja a 2006. Bayan shekara goma ta buɗe ofis a Landan, inda ta riƙa sayar wa Turawa littattafan da aka zaɓa aka kuma gyara a Nijeriya.