Chaitra: Watan da miliyoyin Indiyawa ke buɗe shekara da ɗanɗana ɗacin darbejiya

Tsakanin Maris da Afrilu, lokacin da sanyi ya janye a Indiya, mangwaro ya fara 'ya'ya, alkama kuma ta isa girbi, ake shiga watan Chaitra. Shi ne watan farko a lissafin galibin mabiya addinin Hindu, kuma da wuya a sami wani wata da ya tara bukukuwan al'ummomi mabambanta kamarsa.

Lissafin na bin wata ne, amma ba a yarda ya yi nisa da yanayin shekara. Shekarar wata kan gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka kusan duk bayan shekara uku ake ƙara wata guda, domin kada Chaitra ya zame daga lokacinsa. A kudancin ƙasar wata na ƙarewa ne a daren duhu, a arewa kuwa sai daren da ya cika.

Bayan samun 'yanci, gwamnati ta kafa kwamiti a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar ana amfani da kalandu kusan 30. Daga aikinsa aka samar da kalandar ƙasa ta Saka a 1957, wadda ke farawa da 1 ga Chaitra, daidai da 22 ga Maris. Sai dai kalandar ta tsaya ne a takardun hukuma. Idan ana neman ranar biki ko ta ɗaurin aure, kundin taurari na gargajiya mai suna Panchang ake buɗewa.

Rana ɗaya, sunaye da yawa

Washegarin daren duhun wata ne sabuwar shekara ke kamawa. A jihohin Andhra Pradesh da Telangana da Karnataka ana kiran ranar Ugadi. Al'ummar Telugu kan haɗa wani kwaɗo mai ɗanɗano shida: furen darbejiya, da mazarƙwaila, da tsamiya, da ɗanyen mangwaro, da gishiri, da barkono. Kowa a gida sai ya lasa, domin tunatarwa cewa shekarar da ke tafe za ta zo da daɗi da ɗaci. Darbejiyar nan kuwa ita ce dai wadda ke yi wa titunan ƙasar Hausa inuwa, domin asalinta daga yankin Indiya ne.

A Maharashtra sunan ranar Gudi Padwa. Ana kafa gora a ƙofar gida ko taga, a ɗaura mata ƙyallen alharini da ganyen darbejiya da na mangwaro, a kifa ƙaramar tukunyar tagulla ko azurfa a samanta. Suna ƙidaya ta cikin ranaku uku da rabi mafiya sa'a a shekara, shi ya sa ake rububin sayen zinariya da motoci da gidaje. 'Yan ƙabilar Sindhi na da Cheti Chand, mabiya Hindu na Kashmir kuma Navreh.

A wannan rana ce kuma ake fara Navratri, dare tara na azumi da bautar Durga, wanda ke ƙarewa da Ram Navami, ranar tunawa da haihuwar Rama. Rana ta 13 ta mabiya addinin Jain ce, inda suke bikin haihuwar jagoransu Mahavira. Idan wata ya cika, arewacin ƙasar kan yi bikin Hanuman.

Inda ɗacin yake

A 'yan shekarun nan jerin gwanon Ram Navami ya zama abin fargaba a wasu garuruwa, musamman idan ya ratsa unguwannin Musulmi. A Afrilun 2022 rikici ya ɓarke a Khargone ta jihar Madhya Pradesh, daga bisani hukumomi suka rushe gidaje da shaguna, akasarinsu na Musulmi. A 2023, cikin watan Ramadan, an yi arangama a Howrah da Bihar Sharif, inda aka ƙone makarantar Azizia da ɗakin karatunta.

Shi ya sa da zarar Chaitra ya ƙarato, yayin da iyalai ke sharar gida da ɗinkin sababbin tufafi, 'yan sanda a jihohi da dama kan zauna da shugabannin addinai domin tsara hanyoyin da jerin gwanon zai bi.