Daga Baki Zuwa Takarda: Shawara ga Masu Koyon Ƙaga Labari

Tsohuwa mai tatsuniya tana da kayan aikin da marubuci ba shi da su. Takan yi tsamin baki in Gizo ne ke magana, ta kumbura murya in Zaki ya amsa. Tana nuni da hannu, tana kuma duban fuskokin yara, in ta ga gyangyaɗi sai ta gajarta. Marubuci kuwa ba shi da komai sai baƙaƙe a kan takarda. Saboda haka babban aikin mai koyon ƙaga labari shi ne sanin abin da zai maye gurbin muryar nan da ta ɓace. In bai sani ba, kome kyan labarinsa, mai karatu ajiye shi zai yi tun a shafi na biyu.

Matsalar nan ba sabuwa ba ce. Ita ce ta fuskanci malaman da suka shiga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dabarar da Imam da Ɓalewa suka yi ita ce sanya labarin a bakin wani. Alhaji Imam ne ke ba da labarin yawonsa da kansa, Shaihu Umar kuwa almajiransa yake faɗa wa tarihin rayuwarsa. Watau sun komo da mai ba da labari cikin littafi. To, ba dole ne kowa ya bi wannan hanya ba, amma lalle ne marubuci ya san wane ne ke magana, kuma da wa, kafin ya ɗora alƙalami.

Na biyu, kowane mutum cikin labari ya yi magana da bakinsa. Alƙali ba ya zance kamar ɗan kasuwa, amarya ba ta yi wa surukarta magana yadda take yi wa ƙawarta. Basakkwace ya kan ce “hwari” da “ɗiya” inda Bakano zai ce “fari” da “'ya”. Kalma ɗaya irin wannan ta fi layi biyar na bayani.

Na uku, Hausa tana da kalmomin amsa-kama, waɗanda ke yin aikin hannun mai tatsuniya. “Ya tashi” magana ce kawai, amma “ya miƙe zumbur” ta nuna firgita. Haka “ya faɗi tim” da “dare ya yi tsit”. Sai dai kamar gishiri suke, in sun yi yawa sun ɓata miya.

Na huɗu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. “Gari” na mutane da “gari” na tuwo, “kuka” ta miya da “kuka” na hawaye, duk kamarsu ɗaya a takarda, ko da yake kunne ba ya ruɗewa. Wajibi ne a gina jimla yadda ma'ana za ta fito nan take. Haka kuma kada a raina ƙugiya, gama ita ce ta raba “kare” da “ƙare”, da “kafa” da “ƙafa”.

Gwajin duk waɗannan abubuwa ɗaya ne. In marubuci ya gama babi, sai ya ba wani wanda bai san labarin ba ya karanta da ƙarfi, shi kuwa ya yi shiru yana saurare, kada ya gyara masa. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe, ko ya koma baya don ya gane mai magana, sai a sa alama. Wurin nan ne za a sake rubutawa, sa'an nan a kuma ba shi ya karanta.