Yadda lissafi ke bin sawun ilimin da ma'aikata ke koya wa juna a wajen hira

A shekarun 1980, wani mai bincike mai suna Julian Orr ya riƙa bin masu gyaran injin fotokwafi na kamfanin Xerox a Amurka. Ya lura cewa idan inji ya yi gardama, littafin da kamfani ya ba su ba ya wadatarwa. Labaran da suke ba juna a wajen cin abinci ne ke fitar da su kunya.

Irin wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Daga baki zuwa kunne yake tafiya, kuma masana lissafi sun daɗe suna neman auna tafiyarsa.

Aro daga lissafin annoba

A 1964, Daryl Daley da David Kendall suka ari lissafin yaɗuwar cututtuka suka gwada shi kan jita-jita. Sun raba mutane gida uku: wanda bai ji ba, mai yaɗawa, da wanda ya ji amma ya yi shiru. A tsarin nasu, mai yaɗawa yana dainawa da zarar ya haɗu da wanda ya riga ya sani.

Sakamakon ya nuna cewa labarin kan mutu alhali kusan mutum 1 cikin 5 bai ji ba. A ma'aikata, wannan na nufin dabara mai amfani za ta iya tsayawa saboda kowa na zaton kowa ya sani.

Masu zama gada

A 1973, Mark Granovetter ya nuna cewa sabon bayani ya fi zuwa daga wanda ake gaisawa sama-sama, domin aminai abu ɗaya suka sani. Direba ko masinja mai shiga kowane ofis na iya zama gadar da ke haɗa sassa.

Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan ma'aikatan Microsoft sama da 60,000 ya gano cewa da aka koma aiki daga gida lokacin korona, hulɗa tsakanin sassa ta ragu.

Saboda haka idan za a rage ma'aikata ko a sauya musu wurin zama, muƙami kaɗai ba ya nuna wanda tafiyarsa za ta katse gadar. Shi kuwa Xerox, a shekarun 1990 ya kafa rumbun Eureka, inda masu gyara ke rubuta dabarunsu da sunayensu.